Tawadar Parker Penman Sapphire a zafin Yamai

Kamfanin Parker ya fitar da Penman a 1993, ya daina yin ta wajen 2000, amma har yau masu alƙalamin ruwa na farautar shuɗiyarta, Sapphire. Shuɗi ne mai kauri, idan ya bushe a takarda mai santsi sai gefen haruffa ya yi wani ƙyalli ja-ja. A kayen ƴan lakkol kuwa takarda na shanye ta, ƙyallin ya ɓace, asarar kuɗi kawai.

Kaurin nan shi ne aibinta. Rini ya yi mata yawa, kuma kwalbar da ta haura shekara 20 ruwanta ya ragu. Haɗa da iskar hunturu da zafin bazara mai wuce digiri 40, alƙalamin da aka bari a buɗe minti kaɗan sai bakinsa ya toshe.

Kafin a cika alƙalami, a haska kwalbar a rana. In akwai fumfuna, yauƙi ko warin ruɓa, a zubar, gyara ba ya yiwuwa. In ta yi kauri ne kawai, a ɗebi mililita 5 da sirinji cikin wata ƴar kwalba, a ɗiga tataccen ruwa na kantin magani, ɗigo biyar, a gwada. Ban da ruwan famfo, gishirinsa na iya sa tawada guda-guda. A wanke alƙalami duk sati biyu, kwalba kuma ta zauna cikin kwalinta, nesa da taga.

Ga sa hannu da wasiƙa ta cancanci kuɗinta. Aikin ofis na kullum, Quink, wata tawadar Parker, ta isa.