Allurar Microtex a kan yadi shara-shara: abin da take gyarawa da abin da ya fi ƙarfinta

Shifon, oganza, boyel marar kauri da siliki mai santsi duk halinsu ɗaya a ƙarƙashin keken ɗinki. Zaren saƙarsu siriri ne ƙwarai, saƙar kuma ko dai a matse take ko kuma sakayau, har iskar fanka ma tana iya ɗage yadin daga tebur. Na yi aiki da Microtex, allurar keke mai siririn tsini, mai lamba 60/8 da 70/10, a kan irin waɗannan yadudduka, kuma ra'ayina shi ne allurar ta cancanci yabon da ake yi mata, amma matsala ɗaya tak take kashewa gaba ɗaya. Sauran sai an haɗa da gyaran keke.

Matsalar da take kashewa ita ce jan zare. Allurar gama-gari da ke zuwa da yawancin kekuna, mai lamba 80/12 ko 90/14, bakinta yana da ɗan dakushi da gangan, domin ta yi aiki a kan yadi iri-iri. Idan ta sauka a kan shifon, maimakon ta ratsa, sai ta tura zare ɗaya na saƙar zuwa ƙasa. Daga nan za ka ga wani layi siriri ya miƙe daga wurin ɗinki zuwa tsakiyar yadi, guga kuma ba ta mayar da shi. Microtex tsininta dogo ne mai kaifi, tana huda wurin da ta sauka ta wuce, ba ta jan komai. A kan siliki mai sheƙi bambancin ya fi fitowa: ɗaga ɗinkin a gaban haske, za ka ga hudojin ƙanana, a jere, zaren ya cika su, babu ramin da ya rage a buɗe.

Lambar da ke jikin kwalin ba ado ba ce. 60 na nufin kaurin allurar milimita 0.6 ne, 70 kuma 0.7. Tazarar kamar ba komai, amma a wurin aiki tana da yawa. Ni 70/10 na fi ba wa amana. Tana ɗinka boyel, oganza da yawancin shifon lafiya lau, kuma tana jure wurin da yadi ya ninku sau huɗu a mahaɗar ɗinki. 60/8 ta fi fitar da ɗinki mai tsabta a kan siliki falle ɗaya mai laushi sosai, sai dai ba ta da haƙuri. Ka ɗan ja yadin da hannu daga baya, ta lanƙwasa ta daki farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin yadin, bakin ya tafi. Kafarta kuma ƙarama ce har ƙugiyar zura zare da ke jikin kekunan zamani ba ta shiga, kuma wanda ya matsa mata sai ya lanƙwasa ƙugiyar. Da hannu ake zurawa, bayan an yanke bakin zaren a karkace.

Zare shi ne inda mutane da yawa ke ɓata aikin allurar. Idan ya yi wa kafar kauri, yana gogar ƙarfe a kowane hawa da sauka, ya tsefe, ya tsinke, a ɗora wa allura laifi. Gwajin mai sauƙi ne: yanki zare kamar rabin mita, zura shi a allurar tun ba ka ɗaura ta ba, riƙe bakinsa biyu ka karkata hannu ɗaya sama. Idan allurar ta zame da kanta, zaren ya dace. Idan ta tsaya sai an girgiza, a nemi wanda ya fi shi siranta. Zaren sama da na kwarkwaro, wato abin da ake naɗa zaren ƙasa a kansa, su zama iri ɗaya, kuma kada a naɗa kwarkwaro da gudu, domin zaren roba yana miƙewa lokacin naɗi, ya koma ya tsuke a cikin ɗinki.

Tattarewar ɗinki kuwa, allura ba ta maganinta ita kaɗai. Yadi marar nauyi ba shi da ƙarfin da zai yi gardama da zare, duk inda zaren ya ja shi nan zai bi. Sai an sassauta ɗaurin zaren sama da lamba ɗaya ko biyu, an rage tsawon takun ɗinki zuwa milimita 1.5 ko 2, an kuma rage nauyin ƙafar da ke danne yadi idan keken yana da wurin yin haka. A gwada a ƙyalle mai ninki biyu, a tsaye da kuma a kwance, don sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tattarewa.

Haka ma haɗiye yadi a farkon ɗinki. Farantin da ake yin zigzag da shi raminsa mai faɗi ne, allura kan tura bakin shifon ciki ya cukurkuɗe da zaren ƙasa. Kaifin Microtex yana rage wannan, bai hana shi ba. Faranti mai ƙaramin rami zagayayye shi ne magani. In babu, a shimfiɗa takarda siririya, irin wadda ake naɗe sababbin takalma da ita, a ƙarƙashin yadin a ɗinka tare, daga baya a yage ta a hankali. A riƙe jelar zaren biyu, kamar santimita 10, a bayan ƙafa har an yi taku uku ko huɗu. Kada a koma da baya don kulle ɗinki, nan yadin ke dunƙulewa. Gara a ƙulla zaren da hannu.

Akwai inda Microtex ba ta da amfani sam. Yadi mai miƙewa, komai sirantarsa, saƙarsa madauki ne cikin madauki, kaifin allurar kan yanke ɗaya, sauran su warware a jere. Wannan aikin allura mai dunƙulallen baki ne. Tsinin Microtex kuma yana saurin mutuwa fiye da na gama-gari. An saba cewa a sauya allura bayan kamar awa 8 na ɗinki, amma a kan oganzar roba ban cika kai ta can ba. Alamar ita ce wani ɗan sauti, tas-tas, duk lokacin da ta shiga yadi. Da ka ji shi, cire ta ka goga bakin a farce. In ya karce, ta gama aiki. Ɗinki a kan fil kuwa, sau ɗaya ya isa ya kashe ta.

Kafin saye a duba gindinta. Wadda aka rubuta wa 130/705 H-M gindinta a shafe yake ta gefe ɗaya, ta kekunan gida ce, kuma a yawancin na zamani shafaffen gefen baya yake kallo. Manyan kekunan masana'anta masu ɗinki miƙaƙƙe galibi DBx1 suke ɗauka, mai zagayayyen gindi, don haka ta kekunan gida ba za ta zauna musu daidai ba. A tura ta sama har ta tokare kafin a ɗaure kusar da ke riƙe ta, domin in ta sauko ko da milimita ɗaya, keke zai fara tsallake taku.