Wace Buɗaɗɗiyar Manhaja Ce Ta Dace da Mai Zanen Gini?

Mai zanen gini da ya gaji da biyan lasisin manhajojin zane irin su AutoCAD ko Revit da dala duk shekara yana da mafita a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka saki asalin rubutunsu domin kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Sai dai kaɗan ne cikinsu ke iya ɗaukar nauyin aikin ofis, kuma a ganina FreeCAD ce ta fi cancantar wahalar koyo.

Tun 2002 aka fara gina ta, amma sai a Nuwamban 2024 aka fitar da sigar 1.0, wadda ta tattara kayan aikin gine-gine a sashe guda mai suna BIM, wato tsarin zana gini tare da bayanan kowane ɓangarensa. Yorik van Havre, wanda ya daɗe yana jan ragamar wannan sashe, shi ma mai zanen gini ne, kuma ana ganin hakan a aikin. Bango a FreeCAD yana ɗauke da kaurinsa da tsayinsa da abin da za a gina shi da shi, saboda haka idan mai gida ya dawo ya ce a mayar da bulo mai inci 6 zuwa mai inci 9, lamba ɗaya za a sauya, ƙofa da tagar da ke jikin bangon na nan a mazauninsu. FreeCAD tana aiki a Windows da Linux da macOS ba tare da intanet ba, tana kuma karanta fayil ɗin IFC, wanda manhajojin gine-gine ke musayar bayanan gini da shi. Tana da wuyar sha'ani a makonnin farko, wannan kam babu ɓoyewa.

LibreCAD zanen shimfiɗe kawai take yi. Sweet Home 3D ta jera kujeru da gadaje ce. Bonsai, wadda a da ake kira BlenderBIM, tana da ƙarfi, amma sai an fara ƙwarewa a Blender, manhajar zanen 3D da take aiki a cikinta.

Abin da nake fara dubawa a kowace manhaja shi ne yadda take mu'amala da DWG, wato nau'in fayil ɗin zanen AutoCAD, domin wani injiniya ya taɓa turo mini zanen rodi wanda ya buɗe da ma'aunai a hargitse ana gobe za a miƙa aiki. FreeCAD na buƙatar ƙarin manhaja irin su ODA File Converter kafin ta karanta DWG, QCAD kuwa, wata manhajar zanen shimfiɗe, sai sigarta ta kuɗi ke yin hakan. Ya fi kwanciyar hankali a roƙi abokin aiki ya turo DXF tun farko, wato nau'in fayil ɗin zane da waɗannan manhajoji ke iya buɗewa.

Sannan a yi hattara da 'yan damfara. Akwai masu ɗaukar manhajar kyauta su sauya mata suna da tambari su sayar a intanet, akwai kuma masu ɗora ta a filasha a shago su ce “sigar ƙwararru” ce, alhali FreeCAD ba ta da wata sigar kuɗi. Mafi muni su ne shafukan bogi da ke sayen talla domin su fito a saman sakamakon bincike. A farkon 2023 an yi amfani da sunan Blender ta wannan hanya wajen yaɗa manhajar satar bayanai. Kwamfutar da ke ɗauke da zanen gidajen mutane da takardun kwangila ba ta gwaji ba ce, don haka a rubuta freecad.org da hannu, kada a latsa talla. Haka kuma kyauta daban, buɗaɗɗiya daban: SketchUp na kamfanin Trimble tana da sigar kyauta, amma sharuɗɗanta sun taƙaita ta ga amfanin kai, ba aikin da za a karɓi kuɗi a kansa ba.