Gudu mai zafi da asuba ko doguwar tafiyar Lahadi?

Malam, ka ce shago bai bar maka fiye da awa biyar a mako ba, ga shi kana son tuƙa keke daga Garwa zuwa Lagdo, a arewacin Kamaru, ka dawo ba tare da ƙafa ta mutu ba. Tambayarka ita ce wanne ya fi: gudu mai zafi na minti 45 bayan sallar asuba, ko doguwar tafiya ɗaya ranar Lahadi?

Gajeren yana buɗe numfashi, yana ƙara wa zuciya ƙarfi. Ka taka da ƙarfi minti huɗu, ka sassauta minti uku, sau huɗu ko biyar. Sai dai yana da yaudara: a agogo kaɗan ne, a jiki kuwa bashi ne da sai an yi kwana biyu ana biya. Kai da kake wuni a tsaye kana ciniki, wannan tsayuwar ma gajiya ce, jiki ba ya ware ta daban. Sau biyu a mako ya ishe ka. Abincinsa ba wuya, tunda bai kai awa ɗaya ba: ruwa, da ɗan kunu ko ayaba kafin ka fita. Idan ka dawo ka nemi ƙwai, wake ko nono, tare da abinci mai sitaci.

Doguwar kuwa a sannu ake yin ta, yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Ita ke koya wa jiki juriya da ƙona kitse, ta saba maka da zaman sirdi. A nan ne ciki ke kayar da mutane. Makamashin da ke ajiye a tsoka da hanta yakan yi ƙasa sosai bayan kamar minti 90 na aiki tuƙuru, sai ka ji jiri da sanyin gwiwa. Don haka tun a awar farko za ka fara ci, kada ka jira yunwa: giram 30 zuwa 60 na sikari ko sitaci kowace awa. Ayaba ɗaya tana da kimanin giram 25, sai ka cike da dabino. Ba sai ka sayi kayan kanti masu tsada ba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, zufa kan wuce lita ɗaya a awa, kuma da gishiri take fita. Ka ɗan barbaɗa gishiri a ruwanka, ka yi sammako ka dawo kafin rana ta take.

Da a ce dole ɗaya za ka ɗauka don tafiyar Lagdo, doguwar zan ce maka. Amma awa biyar ɗinka za ta ɗauki duka: gajere Talata da Alhamis, awa uku ranar Lahadi. Duk safiyar da ka tashi bugun zuciyarka ya fi na kullum sauri, ko barci ya ƙi maka da dare, ka mai da gudun ranar ya zama tafiyar sannu.