Komawar baƙin mai daga turbo: gangara ko famfo?

Malam, tambayarka ita ce ka ɗora turbo (na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta ƙara tura wa injin iska) a injin da bai zo da shi ba, wanne ya fi: ka bar baƙin mai ya gangara da kansa zuwa kaskon da ke ƙasan inji, ko ka sa famfon lantarki ya zuƙe shi? Inda turbon ya zauna shi ne zai raba gardama.

Mai yana shiga turbo da matsi, amma wajen fita babu abin da ke tura shi, ga shi kuma ya yi kumfa. Abin da ke tare shi a ciki ƙananan ringin ƙarfe ne irin na fistin, an yi su ne don tare iska. Da zarar mai ya taru ya kai gare su sai ya tsallaka, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe salansa, a ce turbo ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Idan turbon yana sama da kasko sosai, gangara ta fi. Amma tana da sharuɗɗa. Faɗin tiyon komawar mai kada ya gaza -10AN (AN lambar girman tiyo ce), wato kusan milimita 16, ko da yake na shigar mai -3AN ko -4AN ne kawai. Bakin fitar ya kalli ƙasa, kada ya kauce ya wuce kamar digiri 15. Tiyon ya sauka ɗoɗar: ko ɗan lanƙwasa ɗaya da ya yi ciki zai riƙe mai ya toshe hanya, shi ya sa mahaɗi mai digiri 45 ya fi mai 90. Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin huda kasko. Dole ramin ya kasance sama da inda mai yake tsayawa idan an cika shi, in ba haka ba man kasko ne zai tokare na turbo. Ka kwance kaskon kafin ka huda, a yi waldar mahaɗin, a wanke shi tas. Masu hudawa yana jikin mota suna shafa giris a bakin abin hudar, amma ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya cinye boris. Tiyon ruwan zafi kuma ba ya jure mai, kumbura yake yi ya ruɓe. Ka nemi na mai, ko mai Teflon a ciki da saƙar waya a waje, ka sa masa rigar zafi inda ya kusanci salansa.

Famfo na wanda ba shi da zaɓi ne: turbo a ƙasa daf da kasko, ko a bayan mota. Amfaninsa shi ne tiyo ƙarami, -6AN ko -8AN, ya wadatar, kuma za ka iya mayar da man ta murfin saman inji ba tare da ka taɓa kasko ba. Sai dai kayan sun ƙaru: famfo mai giya da ke jure zafin mai, a ɗaure shi ƙasa da turbo, ɗan tanki a ƙarƙashin turbon, rile da fiyus, da bawul mai hanya ɗaya a layin shiga don kada mai ya ci gaba da tsiyaya bayan an kashe inji. Ya kamata famfon ya ɗan ƙara aiki na wasu daƙiƙu bayan kashewa. Ranar da fiyus ya ƙone kuwa, nan take hayaƙi zai sanar da kai.

Kowanne ka zaɓa, duba numfashin injin. Idan ringin fistin sun gaji ko hanyar fitar iskar bulok ta toshe, matsin zai hau ta tiyon gangara ya hana mai sauka. Turbo mai boris na ƙwallo kuma yakan buƙaci matsattsen rami na kusan milimita 1 a mashigar mai. Turbo mai bushi galibi ba ya son wannan ramin, kuma rage masa mai don ɓoye hayaƙi kashe shi yake yi.