Na shiga na'urar MRI saboda ciwon baya: ga yadda ta kaya

Wata huɗu na yi ina fama da wani ciwo da ke tasowa daga ƙugu, ya bi ta bayan cinyar hagu ya gangara har ƙafa. In na daɗe a zaune, babban yatsan ƙafar sai ya mutu, kamar ba a jikina yake ba. An fara yi mini hoton ƙashi, aka ce ƙasusuwa lafiya lau. To, ƙashi lafiya lau, mai ƙashin kuwa ko sunkuyawa ba ya iya yi. Daga nan ne likita ya tura ni MRI.

Dalilinsa ya gamsar da ni. Hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, gwani ne wajen nuna abu mai tauri, amma jijiya da laka da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ba sa fita sosai a cikinsa. Ita MRI da ruwan jiki take aiki, ga shi kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne. Ƙaton maganaɗisu ne ke jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan, igiyar rediyo ta ɗan zungure su, kwamfuta ta tattara amsar da suka mayar ta zama hoto. Babu irin hasken nan na hoton ƙashi da ake taka-tsantsan da yawansa.

Wadda aka saka ni ciki mai ƙarfin tesla 1.5 ce (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wato ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Shi ya sa ma'aikaciyar ta tsare ni da tambayoyi: an taɓa sa mini ƙarfe a jiki? Ina da na'urar daidaita bugun zuciya? Ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa mini a ido? Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Da na ce mata ko zan bar zobena a hannu, sai ta ce, “Malam, ko allura ba ta shiga ɗakin nan.” A nan na yaba musu, ba su yi wasa da wannan ba.

Inda suka gaza shi ne shirya mutum. Ba wanda ya gaya mini ramin na'urar da ake tura mutum ciki na da ƙunci haka, rufin kusan a kan hancina. Ƙarar kuwa, duk da abin toshe kunne, kai ka ce maƙera goma ne suka taru a kanka, su yi shiru, su sake ɗauka da wani salon. Daga baya na fahimci wayoyin da ke cikin na'urar ne ke girgiza saboda wutar da ake kunnawa ana kashewa da sauri, ba lalacewa ta yi ba. Da an faɗa mini haka tun a waje, da zuciyata ba ta yi ta dukan uku-uku ba. An dai ba ni wata 'yar roba a hannu, in matsa idan na kasa jurewa. Sau biyu na kusa. Na motsa ƙafa sau ɗaya, aka maimaita wannan zangon na ɗaukar hoton, don motsi kaɗan yana dagula hoton. Duka-duka minti 30 aka yi. Ba zafi, ba allura, tunda ba a buƙaci ruwan da ke ƙara fito da hoto ba.

Hoton kansa abin kallo ne. Ga ƙasusuwan ƙugu biyar a jere, faifai a tsakaninsu, masu lafiyar sun yi haske saboda ruwan da ke cikinsu. Na tsakanin na huɗu da na biyar ya yi duhu, ya bultso ta baya ya danne tushen jijiyar da ke zuwa babban yatsa. Ashe ciwon ƙafa nake ji, ɓarnar tana can sama.

Takardar sakamakon ce ta hana ni barci, don ta ambaci wasu faifai biyu da su ma suka ɗan bultso. Na riga na yanke wa kaina tiyata. Likita ya karanta, ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, ya gwada ƙarfin yatsan, sannan ya ce waɗancan biyun in manta da su, mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai in aka yi musu hoton za a ga irinsu. Ɗayan ne kawai ya dace da abin da nake ji, shi ma magani da motsa jiki a sashen gashin ƙashi za a fara.

Na'urar na ba ta maki cikakke, wurin kuwa na rage musu saboda bayanin minti biyu da suka kasa yi. Yanzu ina mako na shida a gashi, yatsan ya fara dawowa. Hotunan sun ba ni a faifan CD, kwamfutata kuma ba ta da wurin saka shi, yana nan cikin ambulan ɗinsa.