Alƙalamin Tawada Mai Tsada: Na Aiki Da Na Ajiya

Ina koyarwa a nan Sakkwato, kuma yawancin aikina da hannu nake rubuta shi: tsarin darasi, gyaran takardun ɗalibai, wasiƙu, da ɗan ajamin da nake kwafa da dare. Alƙalamin da ke aljihuna kullum Pelikan M205 ne, ƙirar Jamus. Na kuma ari Montblanc 149 na kawuna, na yi rubutu da shi tsawon hutu guda. Abin da na gani shi ne, alƙalami ɗaya mai kyau ya cancanci kuɗinsa ga mai rubutu kullum, amma tara su a akwati a garin nan ban ga ribarsa ba.

Wanda ya saba da biro, abin da zai fara ji shi ne hannunsa ya huta. Biro sai ka danna kafin ya yi rubutu. Wannan kuwa da bakinsa ya taɓa takarda tawada ke sauka da kanta, don haka ina gama tarin takardun jarrabawa yatsuna ba su sage ba. Cika shi ma abin sha'awa ne. Ka tsoma bakin a kwalba, ka murɗa gindinsa a hankali, ta 'yar tagar da ke jikinsa kana kallon tawada tana hawa har ta cika. Tun 1929 kamfanin Pelikan ke ƙera alƙalami da wannan dabara. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne bakin nasa kwancewa yake yi da hannu, in ya lalace ka sayi wani ka ɗaura, ba sai ka jefar da alƙalamin ba.

Montblanc fa kyakkyawa ne, gaskiya a faɗe ta. Kamfanin ya fara a 1906, mazauninsa birnin Hambug na Jamus, ya fito da jerin alƙalumansa masu suna Meisterstück a 1924, shi kuma 149 a 1952. Yana da kauri, yana cika hannu, bakinsa faffaɗa na zinari, an zana 4810 a kai, wato tsayin dutsen Mont Blanc na Turai da mita. Idan ka yi rubutu da shi akwai wani ɗan laushi da za ka ji a ƙarƙashin yatsa wanda nawa ba shi da shi. Sai dai sabo, a lokacin da na duba, yana kusan dala 1,000, mai karatu ya juya ta zuwa naira da kansa. Kuɗinsa ya ninka na nawa sau da yawa, rubutunsa kuwa kaɗan ya ɗara. Dalili kuwa, zinarin ba ya taɓa takarda. A tsinin kusan kowane baki, na zinari ne ko na ƙarfe, akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ke gogar takarda, kuma yadda aka goge shi ne ke sa rubutu santsi ko kaushi. Sauran kuɗin na suna ne da farar alamar nan ta kan marfi, wadda mutane ke hangowa a aljihun babbar riga ranar sa hannu a takarda.

Akwai kuma batun da mu a nan ba ma tsallake shi. Malamai da dama suna ƙyamar namiji ya yi amfani da alƙalamin zinari. Mai bakin ƙarfe zalla kamar nawa ya raba ka da wannan shakka, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa na zaɓe shi.

Yanayin Sakkwato shi ne babban gwajin alƙalami. Da hunturu, in ka bar shi a buɗe kana magana da ɗalibi, kafin ka dawo tawadar bakin ta bushe, ƙura kuma tana shiga ko'ina. A nan ne wani ɗan ƙaramin alƙalamin Japan, Platinum Preppy, na roba, wanda kuɗinsa 'yan daloli ne, ya burge ni. A cikin marfinsa akwai wani marfin mai sifirin da ke toshe iska, sai ka ajiye shi makonni ka ɗauka ya kama rubutu nan take. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, iskar da ke cikin alƙalamin da tawadarsa ta yi rabi takan buɗe ta turo tawada waje. Mai tsada da mai araha duk haka suke. Kada ka bar shi a mota, kuma a aljihu bakinsa ya kalli sama, musamman ranar da ka sa farar shadda.

Takardar ofis ta yau da kullum tana shan tawada har ta ɓullo a baya. Baki siriri ya fi dacewa da ita.

Wani dattijo maƙwabcina, mai rubutun allo, ya juya nawa a hannu ya ce, "Malam, wanga alƙalami shina shan tawadarmu?" Na ce masa a'a, Baba. Tawadarmu ta gawayi da ƙaro takan daskare a siraran hanyoyin da ke ƙarƙashin bakin, ta toshe su. Shi alƙalamin kara in ya toshe sai a fere shi, wannan kuwa sai tawadar da aka yi dominsa, irin su Quink ta Parker ko 4001 ta Pelikan. Ya gwada rubuta bisimilla da shi, ya girgiza kai, kuma ya yi gaskiya. Bakin mai zagaye layi iri ɗaya yake ja, ba kauri ba siranta. Kyawun rubutun da ke cikin tsofaffin littattafan da aka adana a gidan tarihi na Waziri Junaidu daga karan da aka fere a karkace ya fito. Mai son irin wannan hannu ya nemi baki mai faɗi, kamar na Lamy mai milimita 1.5 ko Pilot Parallel, dukkansu ba su kusanci kuɗin manyan ba.

Masu tarawa sukan ce jari ne, cewa waɗanda aka ƙera 'yan kaɗan suna ƙara daraja, su kawo misali da tsofaffin Parker 51 da aka fara sayarwa a 1941. Wasu kan yi daraja, amma kasuwarsu tana Turai da Amurka da Japan. Ranar da buƙata ta taso maka a Sakkwato, wa za ka kai wa? Wanda za ka nuna wa a kasuwa kuɗin biro mai kyau zai taya. Ga rashin mai gyara a kusa: bakin zinari ya faɗi ƙasa ya lanƙwashe, sai an tura shi waje, kuɗin aike da na gyara su kai na sabon alƙalamin aiki. Jabu kuma ya yi yawa a intanet da wajen masu kawo tsaraba. Ainihin 149 daga kwalba yake shan tawada ta murɗa gindi, don haka wanda ka kwance tsakiyarsa ka tarar da wurin sa bututun tawada ba na gaske ba ne. Baƙin jikin na ainihi kuma in ka haska masa tocila mai ƙarfi za ka ga ja-ja yana ɓullowa ta ciki. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai sayarwa ya yi maka waɗannan gwaje-gwajen biyu a gabanka.