GARGAƊI: Mai haɗa tafiyar Dubai ya cinye min N4,850,000, ya tafi da fasfon iyalina

Jama'a assalamu alaikum. Da farko na yi niyyar in yi shiru, Hajiyarmu ma cewa ta yi in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma shirun ya gagara, domin an nuna min mutumin nan ya sake layi yana ta ɗora hotunan jirgi da otal a sitatus, wai saura gurbin iyali biyu. Naira miliyan huɗu da dubu ɗari takwas da hamsin ya karɓa a hannuna. N4,850,000. Ga fasfo guda biyar a wurinsa, nawa da na maiɗakina da na yara uku. Lauyan da ke duba min maganar ya hana ni kama sunansa da na kamfanin nasa tukuna, shi ya sa ba ku gani ba. Amma rasit da hirarmu ta WhatsApp da muryoyinsa duk suna nan, zan ɗora su.

Kafin masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala su fara, don na ji ta har na gaji, ku saurara. Ni ba yaro ba ne. Riɗi nake saye a ƙauyukanmu na ƙasar Gumel ina kai wa Dawanau, ina kiwon shanu, kuma duk wanda ya san ni a kasuwar Maigatari ya san ba a yi min sakiyar da ba ruwa a ciniki. Buhun da aka zuba wa yashi tun daga ɗagawa nake gane shi. Ba a intanet na tsinci mutumin nan ba. Gidanmu ya zo. Ta'aziyyar kawuna aka kawo shi tare da wani abokin kasuwancina, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ci tuwo da mu a kwano ɗaya. Wanda ya kawo shin ma yanzu kuka yake, shi ma an karɓar masa na Umara.

Tafiyar kuwa ba burga ba ce. Babbar 'yata ce ta sauke Alƙur'ani, na yi mata alkawarin duk abin da take so. Ita da ƙannenta sun daɗe suna kallon Legoland na Dubai a wayar uwarsu, wurin da aka gina gidaje da masallatai da jirage da 'yan bulullukan roba na wasan yara. Yaran nan iyakarsu Kano, gidan zu, ranar yawon Sallah. Na ce to bana in riɗi ya yi kyau, hutun Disamba za mu je, lokacin zafin can ya sauka. Laifi ne mutum ya so 'ya'yansa su ga duniya da guminsa?

Mutumin nan shi ya buɗe min bayanin wurin, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawancin abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce sunansa Dubai Parks and Resorts, yana Jebel Ali a kan hanyar zuwa Abu Dhabi, an buɗe shi a 2016, a ciki akwai Legoland da wurin wasan ruwansa, da Motiongate, da otal ɗin Lapita inda mutum zai kwana ya tashi ya taka da ƙafa zuwa wurin wasa. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Dutse ya duba, ya ce Kawu duk haka ne. Mutumin ya kuma ce Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai a watan Yulin 2024 aka dawo da ita, shi ya sa yanzu sai da wanda ya san hanya. Wannan ma haka ne, a rediyo na ji lokacin. To ta ina zan gane?

Ga wurin da nake ta komawa kullum in na kwanta. Kuɗin farko, N1,200,000, ranar Alhamis ce, na sayar da bijimai a Maigatari. Na ɗauko kuɗin a leda zan miƙa masa, ya ja hannunsa baya. Ya ce, “Haba Alhaji, kada ka ba ni kuɗi a hannu, ko ɗan'uwanka ne. Tura asusun kamfani, saboda gobe.” Muka je wurin mai POS aka tura, sunan kamfani ya fito. Yaron mai POS ya yi kuskure ya ƙara dubu ashirin a kai, ni ban ma lura ba. Ina gida bayan magariba sai ga alat, N20,000, sai ga kira. “Alhaji, kuɗinka sun yi yawa, na dawo maka da su. Haƙƙi ba abin wasa ba ne.” Wallahi haka ya ce. Haƙƙi ba abin wasa ba ne. Na juya na ce wa maiɗakina, kin ga irin mutanen da suka yi ƙaranci a zamanin nan. Da dubu ashirin ya sayi miliyan huɗu da dubu ɗari takwas da hamsin. Ku faɗa min wanda za a mayar wa kuɗin da bai san sun fita ba, ya ce wannan ɓarawo ne.

Na biyu N2,300,000, kuɗin tikitin jirgi. A'a, tsaya, kafin wannan sai da na je ofishinsa a Kano. Masu cewa me ya sa ban je na gani da idona ba, na je. Bene ne, hawa na biyu, ga kwamfuta, ga yarinya a zaune tana buga takardu, ga takardar rajistar kamfani a bango cikin gilashi, ga hoton Ka'aba. Aka kawo min lemo mai sanyi. Bayan abin ya faru na koma, ashe shagon buga takardu ne na wani bawan Allah, tebur ɗaya kawai ya kama haya na 'yan watanni, takardar bangon ma da ita ya zo da ita ya tafi. Yarinyar ta ce ita ma tana bin sa kuɗin aiki.

Tikitin nan shi ne inda ya gama da ni. Ya turo takarda da sunayenmu biyar, Kano zuwa Addis Ababa, Addis Ababa zuwa Dubai, da wata lamba mai haruffa shida. Ban tura ko sisi ba sai da ɗan yayar tawa ya shiga shafin kamfanin jirgin ya sa lambar. Sunayenmu suka fito, har da na auta. Da idona na gani. Sannan na tura N2,300,000. Sai a filin jirgi wani ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya zaunar da ni ya yi min bayani: wannan kama gurbi ne kawai, ejan yana iya riƙe kujera ba tare da ya biya ba, in wa'adin ya cika ba a biya ba sai ta goge da kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, uku na farko na kamfanin jirgin ne. Takardarmu babu wannan lambar. Wa ya taɓa gaya min haka? Yaron da ke jami'a ma bai sani ba, balle ni.

Kuma wannan na biyun ba asusun kamfani ya shiga ba. Ya ce asusun kamfani ya kai iyakar abin da zai ɗauka a wata, in tura na akawunsu, a wani bankin waya. Na san abin da za ku ce. Amma mutumin da ya hana ni ba shi kuɗi a hannu, mutumin da ya dawo min da dubu ashirin, shi zan tsaya yi wa tambayar sunan asusu?

Sai N850,000, wai kuɗin jingina na biza, za a mayar min in mun dawo. Sai N500,000 na ƙarshe, tikitin shiga wuraren wasa da motar da za ta ɗauke mu daga filin jirgi. Ko kuwa na wasan ne ya riga na jinginar, ranakun suna jikin rasit, za ku gani. Ku haɗa dai: miliyan ɗaya da ɗari biyu, miliyan biyu da ɗari uku, ɗari takwas da hamsin, ɗari biyar. N4,850,000. Ban sa kuɗin fasfo ba, mutum huɗu, tunda nawa ina da shi, kuma daga Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma N100,000. Dubu ɗari huɗu kenan, ban da zirga-zirgar Dutse da gyaran NIN ɗin yara. Ban sa ɗinki ba, ban sa akwatuna ba.

A cikin dubu ɗari biyar ɗin nan akwai abin da in na tuna sai in ji kamar in yi ihu. Maiɗakina mai son fina-finan Indiya ce. Da ya ji haka sai ya ce, “Ai Hajiya akwai naki wurin, Bollywood Parks, rawa da waƙa har dare,” ya ƙara kuɗinsa a lissafi, ya turo mata bidiyo. Ta yi ta nuna wa matan maƙwabta. An rufe wurin nan tun 2023. A 2024 aka buɗe wurin wasa na ƙungiyar Real Madrid a harabar. Ya sayar min da tikitin wurin da babu shi, yana kallon idon matata yana ce mata Hajiya.

Fasfo kuma ya karɓa ne wai za a buga biza a ciki, zai kawo mana filin jirgi ranar tafiya tare da sauran matafiya. Lokacin da na yi Umara ma ejan na miƙa wa fasfona, ya dawo min da shi lafiya, don haka ban ga wani abu ba. Ashe bizar Dubai ba a jikin fasfo ake manna ta ba, ta intanet take fitowa, hoton shafin farko kawai ake buƙata. Takardun bizar da ya turo masu hotunanmu da tambari, an sa lambar fasfonmu a shafin hukumar shige da fice ta Dubai, babu ko ɗaya. Ko nema ba a taɓa yi ba.

Ranar tafiya ba na son tuna ta, amma bari in faɗa. Gari ya san za mu tafi. Liman ya yi mana addu'a bayan asuba. An ba mu sautu, wannan abaya, wannan turare, wani waya, kuɗin mutane a jakata na rubuta a takarda. Muka ɗauki shatar mota. A Gujungu na kira shi ya ɗauka, ya ce yana hanya, fasfo suna hannunsa, har ya ce in ba shi auta su gaisa. Ya ce masa, “Yau za ka hau jirgi ko?” A Gezawa na sake kira, tana ƙara ba a ɗauka. Muna isa filin jirgin Malam Aminu Kano waya a kashe. Muka zauna a kan akwatuna. Yara sanye da sababbin kaya, auta ya rataya 'yar jakarsa ta makaranta da ya zuba biskit da hular sanyi, duk jirgin da ya ji ƙararsa sai ya miƙe ya ce Baba namu ne? Can na ga wani dattijo da matansa biyu su ma suna ta danna waya, na matsa na tambaye shi, lamba ɗaya muke kira. Shi daga wajen Haɗeja.

Ban iya komawa gida a ranar ba. Gidan ƙanwata muka sauka a Kano muka ɓuya, sannan muka shigo gari da daddare. Washegari na bi gida-gida ina mayar da kuɗin sautu. Wani ya yi min jaje, wani ya ce “Alhaji har an dawo? Ina tsaraba?” yana danne dariya. A majalisa yanzu Alhajin Dubai suke ce min in na ba da baya, an gaya min. Wanda bai taɓa fitar da iyalinsa ko Dutse ba shi ne yau yake koya min cewa araha ba ta ado. Wace araha? Miliyan huɗu da dubu ɗari takwas da hamsin ce araha? Na tambayi wani ejan kafin in biya, nasa ya fi tsada, gaskiya ne, amma mutumin ya ce nasa na rukuni ne, iyalai da yawa, shi ya sa aka yi ragi. Mu ma a Dawanau farashin mai sayen tirela daban da na mai buhu ɗaya. Abin da hankali zai ɗauka ne.

Babbar 'yar tawa ba ta ce min komai ba har yau. Uwarta ta ce ta ninke kayan ta mayar akwati ta ce kada a taɓa. Shi kuma bayan kwanaki ya turo murya ta wata lamba, wai an samu matsala daga sama, in ƙara haƙuri, in turo N150,000 a sake ɗaga tafiyar zuwa bayan Sallah. Har yanzu yana ce min Alhaji, har yanzu yana cewa in sha Allahu. Wannan muryar ma tana nan, ita zan fara sakawa ku ji yadda ɓarawo yake da ladabi. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ko kwabo ba, da dubu ashirin ɗin da ya yi min tarko da ita.

Na kai ƙara, na rubuta wa banki, ni da dattijon Haɗejan za mu shigar da takarda EFCC tare, kuma an ce sai mun yi rahoton ɓatan fasfo da rantsuwar kotu kafin a yi mana wasu, wato wani kuɗin kuma. Duk wanda ya san an karɓar masa kuɗi da irin wannan salon a ƙasar Gumel, Maigatari, Haɗeja ko Ringim, ya yi min magana ta akwatin sirri, mu haɗu mu yi yawa.

Ku kuma masu shirin tafiya: kada ku ba kowa fasfo don bizar Dubai. Ku nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13 ku kira kamfanin jirgin da kanku. Ku kira otal ɗin. Asusun mutum, a'a. Rasit ɗin da hotunan hirar suna tafe da zarar an gama rufe lambobin fasfon yarana a jiki.